Majami'ar Kolon: za su bar ni in shiga, kuma me ya riƙe ginin?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗan kasuwa ne daga Kano, zan je baje koli a birnin Kolon na Jamus, an ce min akwai wata tsohuwar majami'a a tsakiyar gari da kowa ke zuwa gani. Dan Allah wanda ba Kirista ba za a barshi ya shiga? Sannan na ga hotonta, ta yaya mutanen da suka ɗaga gini haka ba rodi ba kankare?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kai ka lafiya. Toh batun shiga dai ba matsala, ba mai tambayarka addininka a ƙofa, mutane daga ko'ina suke shigowa kullum. Kai a 1965 ma ma'aikata Turkawa sun yi sallar idin ƙaramar sallah a cikinta. Abin da za ka kiyaye shi ne wajen ibada ne ba gidan tarihi ba, in ana tsakiyar addu'a ba a barin masu yawon buɗe ido su yi ta zagaye, sai ka jira a gama. Akwai masu gadi cikin jajayen riguna dogaye, su za su ce ka cire hula don a al'adarsu namiji baya rufe kai a coci, takalmi kuwa ba a cirewa, mata kuma ba mai taɓa musu mayafi. Kar ka je da babban akwati, ka barshi a ma'ajiyar kaya ta tashar jirgin ƙasa. Kuma ba sai ka nemi tasi ba, kana fitowa daga babbar tashar za ka ganta tsaye a gabanka baƙi ƙirin, Jamusawa Dom kawai suke ce mata.

Tambayarka ta biyu ita ce tafi min daɗi don aikina kenan. An aza harsashin ginin a 1248, dalili kuwa shi ne a 1164 an kawo wasu ƙasusuwa daga birnin Milan na Italiya waɗanda Kiristoci suka yi imani na sarakunan nan uku ne da suka ziyarci Annabi Isa (AS) yana jariri, masu ziyara suka yi ta kwarara, sai aka ga tsohon cocin ya yi kaɗan. Har yau akwatin zinaren da aka ajiye su yana can ƙuryar gabas. Salon ginin shi ake kira Gotik, a Faransa ya fara wajen 1140, magina Kolon ma majami'ar birnin Amiens na can Faransa suka kalla.

In ka shiga ka tsaya a tsakiya ka ɗaga kai. Rufin yana sama da kai mita 43, kuma duk dutse ne. Za ka ga wasu haƙarƙari na dutse sun taso daga ginshiƙai sun lanƙwasa sun haɗu a tsakiya, to kaga nauyin rufin a kansu yake bi ya sauka cikin ginshiƙi, ba a kan bango ba. In ka taɓa shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya ka ga bakan gizo da Babban Gwani ya ɗaure da azara da ƙasa, tunanin kusan ɗaya ne, sai dai su nasu bakan mai tsini ne a sama kuma dutse ne yake danne dutse. Baka mai tsini baya tura bango waje sosai kamar mai zagaye, amma duk da haka yana turawa, shi yasa suka fito da dabarar tokara daga waje. Dan Allah ka zagaya bayan ginin ta gabas, mutane da yawa hoto kawai suke ɗauka a gaba su wuce, alhali a baya ne za ka ga hannayen dutse sun miƙo ta iska sun dafe bangon suna kai nauyin zuwa manyan ginshiƙai na waje. Da bango ya huta da ɗaukar kaya sai suka huda shi suka cika da gilashi mai launi, wasu tagogin tun wajen 1300 suke nan. A ɓangaren kudu akwai wata sabuwa ta 2007 da wani mai zane Bajamushe, Gerhard Richter, ya tsara, ƙananan murabba'ai sama da dubu 11 masu launi 72, in rana ta daki wajen da tsakar rana launin har kan dutsen ƙasa yake zubowa, ka miƙa hannu ka ga tafinka ya koma ja da shuɗi.

Amma fa kar a ce maka duka ginin na zamanin da ne. Aikin ya tsaya cak ɗaruruwan shekaru, na'urar ɗaga dutse ta katako tana zaune a kan hasumiyar kudu da ba a gama ba har 1868, sai a 1842 aka koma aiki da tsohon zanen da aka gano, aka kammala a 1880, shekara 632 kenan daga farawa. Hasumiyoyin biyu mita 157 ne, a lokacin ba ginin da ya kai su tsawo a duniya. A yaƙin duniya na biyu an ragargaza kusan duk tsakiyar garin, bama-bamai sun sami majami'ar amma bata faɗi ba. Baƙin da za ka gani kuma ba fenti bane, hayaƙin kwal da ruwan sama ne suka rina dutsen, kuma da wuya ka je baka tarar da masu gyara sun kafa ƙarafa a wani gefen ba.

Hawa hasumiya da tikiti ne, matakala 533 ba lifta, hanyar a matse take tana murɗawa ga masu saukowa kuna gogar kafaɗa. In gwiwa ko hawan jini na damunka ni dai ina ganin ka haƙura, abin da ke ƙasa ya ishe ka kallo. In kuma da ƙarfinka to ka hau da safe kafin cunkoso, a hanya za ka wuce ƙatuwar ƙararrawa mai nauyin tan 24, daga sama kuma ga kogin Rhein ga gadar jirgin ƙasa, har filin baje kolin naku za ka hango a tsallaken ruwa. Awa biyu ta ishe ka duka.