Amsa ga ƙanena a kan hotunan Iskandariyya

Ƙanena, saƙonka ya shigo tun daren Laraba, da gangan na bar shi har raina ya kwanta. Kai ne na huɗu daga Sakkwato da ya rubuto mani a kan hotunan nan da na ɗora a WhatsApp. Ka ce: "Yaya, ashe haka kuke hutawa a Misira? Ka nema mani hanya, ni ma in bar jami'ar Ɗanfodiyo in taho." To, saurara.

Makon ya yi daɗi, wannan ba zan musa ba. Hutun tsakiyar shekara ne, ƙarshen Janairu, mun ajiye alƙalamin jarrabawa ran Alhamis. Juma'a muka yi salla a masallacin Azhar nan Alƙahira, muka ratsa kasuwar Khan Khalili da hannu cikin aljihu, kallo kawai. Asabar barci na yi kamar wanda aka yi wa duka. Lahadi mu shida muka yi karo-karo muka hau faluka, kwale-kwalen nan mai zane da iska ke turawa, awa guda a kan Nilu kafin magariba. Litinin muka kama jirgin ƙasa a tashar Ramsis zuwa Iskandariyya, tafiyar wajen awa uku, muka je ganuwar Ƙaitbai da ke bakin teku. Akwai wani abokinmu ɗan Bodinga, duk ruwan da ya sani a duniya bai wuce na gadar Kwalkwalawa da damina ba. Da ya ga Bahar Rum ya tsaya yana ta salati, igiyar ruwa ta watsa mashi a fuska, ya lasa ya ce wallahi an zuba gishiri. Har yau da shi muke tsokanarsa.

Amma daren da ya fi mani daɗi babu hotonsa. Wani ya dawo daga gida da kuka da daddawa da yajin Inna tasa, muka tuƙa tuwon shinkafa a ɗakinmu na Hayyul Ashir, aka zauna ƙasa aka ci da hannu ana Sakkwatanci zalla. Bayan wata huɗu kana cin koshari, wato shinkafa da taliya da adas an barbaɗa soyayyar albasa, sai ka san darajar miyar kuka.

Yanzu ga abin da hoto bai ɗauko ba. Rigar sanyin da ka ce ta yi mani kyau, aro ce. Kai da ka saba da zafin Afrilu na Sakkwato, kana jin hunturunmu shi ne sanyi. Nan sanyin daga tayil yake fitowa ya shiga ƙashi, ɗakunan babu abin ɗumamawa, alwalar asuba sai ka yi shahada. Kuɗin jirgin ƙasan kuwa tun Nuwamba nake tara shi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 jama'a suka kwararo Alƙahira, haya ta tashi. Naira ta faɗi a 2023, sannan a Maris ɗin 2024 fam ɗin Misira ya zube daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala ɗaya, komai na kasuwa ya bi shi sama. Abin da Baba ke turowa, kafin ya iso hannuna ya rame sau biyu. Kuma iƙamar karatu, wato takardar izinin zama ta ɗalibi, ba takardar aiki ba ce, kada wani ya ruɗe ka da cewa za ka riƙa 'yar sana'a kana ɗaukar nauyin kanka.

Ita kanta iƙamar, bara sau biyar na yi sammako bayan asuba na shiga layi, mai tagar ya dubi takarduna ya ce "bukra", wato gobe. Gobensu ba irin tamu ba ce.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne Larabci. Na taho ina taƙama, na yi nahawu da sarfu a zaure, a unguwarmu har ana ce mani Ustaz. Ranar farko na yi wa mai tasi bayani da fusha tsantsa, wato Larabcin littafi, ya saurare ni har na gama, ya ce "sadaƙallahul azim", ya fashe da dariya. Su ammiyya suke yi, Larabcin gargajiyarsu, jimun ma "ga" suke kiranta, wani malamin a cikin aji sai ya zame ya koma ita kai kana zare ido. Aka yi mani gwajin tantance mataki aka mayar da ni baya, shekara biyu na yi kafin in taka jami'a. Sa'o'ina a gida har sun yi bautar ƙasa. Ga yara a titi su bi ka da "samara", "shokolata", suna ba'a da baƙar fatarka. Akwai mutanen kirki da yawa, mai gidanmu ya taɓa ɗaga mana haya wata biyu bai ce uffan ba, amma wancan kiran ba ya sabuwa a kunne. Duk da haka na haye da jayyid jiddan bara, wato sakamako mai kyau ƙwarai, kuma da gumina na same ta, ba wanda zai ce ya tsaya mani.

Kai kana aji biyu a Ɗanfodiyo, kana kwana gida, Inna na ajiye maka fura. Ka ƙarasa. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbi nan cikin wata guda, ka riƙe aljihunka. Maganar da na ji ana yi ta a jinginar da gonar fadama don tafiyarka, ban yarda ba, kuma zan kira Baba da kaina ran Juma'a.

In bayan duk wannan zuciyarka na nan, ɗauki hoton takardunka na sakandare da na Islamiyya ka turo, in tambaya ko za a yi masu mu'adala, wato a daidaita su da takardun karatun nan. Akwai mai tahowa daga Mabera ƙarshen wata, ka karɓo mani kilishi da kuka wurin Inna ka kai mashi. Ka gaishe ta, ka ce mata na yi ƙiba.