Ana cewa ana neman masana kwamfuta, to me ya sa masu digirin ke zaune?

Tambaya: 'Yata za ta cike JAMB bana, kuma ilimin kwamfuta take so. Kullum a rediyo ana cewa duniya na neman masana wannan fanni, amma ga ɗan maƙwabcina, shekara biyu ke nan da gama bautar ƙasa da wannan digirin, har yau yana gida. Masu cewa akwai aiki, da me suke aunawa? Daga wani uba a Zariya.

Amsa: Malam, Allah ya yi wa yarinya albarka. Abin da ka ji da abin da ka gani duk gaskiya ne.

Masu hasashe ɓangare biyu suke lissafawa. A ɓangaren buƙata, suna duba yadda bankuna da kamfanonin waya da ma'aikatu ke bunƙasa, ma'aikaci nawa kowannensu zai ƙara, sai su haɗa da guraben waɗanda za su yi ritaya ko su bar ƙasa. A ɓangaren masu fitowa kuwa, suna ƙirga waɗanda aka ɗauka a jami'a da kwalejin fasaha, su cire masu faɗuwa a hanya. Wannan na biyun ya fi sauƙi, domin wanda zai gama nan da shekara huɗu yana aji yanzu haka.

Inda gizo ke saƙar shi ne jinkiri. Ka san manoman tumatir na Kadawa: bana ya yi tsada, baɗi kowa ya shuka, kwando ya faɗi warwas. Karatu ma haka yake, sai dai shukarsa shekara huɗu take yi kafin girbi, ga shekarar bautar ƙasa a kai. A Amurka ɗalibai sun yi tururuwa zuwa ilimin kwamfuta a ƙarshen shekarun 1990, sai kasuwar kamfanonin intanet ta rushe a 2000. Tsoro ya sa sababbin masu shiga suka ragu da kusan rabi zuwa 2007, daga baya kamfanoni suka dawo suna kukan rashin ma'aikata.

Sannan "aikin kwamfuta" ba abu ɗaya ba ne. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka, a hasashenta na 2023 zuwa 2033, ta ce guraben masu tsaron bayanai za su ƙaru da kashi 33 cikin ɗari, amma na masu rubuta manhaja zalla, waɗanda sai an tsara musu sannan su rubuta, raguwa za su yi. Lissafin Amurka ne wannan, kada a ɗora shi a kan Kaduna kai tsaye, amma ya nuna inda iska ke kaɗawa.

A nan gida abin da ya fi damuna shi ne takarda muke ƙirgawa, alhali mai ɗaukar aiki hannu yake dubawa. A 2019 kamfanin Andela, mai horar da injiniyoyin manhaja yana haɗa su da kamfanonin ƙasashen waje, ya sallami ƙananan injiniyoyin manhaja kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, ya ce abokan cinikinsa gogaggu suke nema. Ƙarancin da ake magana na gogaggu ne, sababbin fitowa kuwa sun yi yawa. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 na horar da mutum miliyan 3 zai ƙara cunkoso a wannan ƙofar ta farko, in dai ba a samar da wuraren gogewa ba.

Ni dai shawarata ka bar ta ta karanta. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta raba fannin gida-gida, akwai tsaron intanet, injiniyancin manhaja, kimiyyar bayanai, sai ta duba wanda ya kwanta mata. Ka daure ka sama mata kwamfutarta tun aji ɗaya, ko da ta hannu ce. Idan lokacin SIWES ya zo, wato zaman koyon aiki da ɗalibai ke yi a ma'aikatu da kamfanoni, ta nemi inda za a ba ta aiki na gaske ta yi, ko da nesa ne da gida, kada ta tsaya inda sa hannu kawai ake yi a littafi.