Shin Shan Taba Gado Ne?

Tambaya: Malam, mahaifina ya daɗe yana shan taba, ga shi ni ma na kama, har yayana yana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shin a jinina abin yake?

Amsa: Yayanka yana da 'yar gaskiyarsa, amma bai kai ƙarshen zancen ba. Ƙwaƙwalwar mutum tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma ƙwayoyin gado, wato abin da mutum yake gada a jiki daga iyayensa, su ne suke ba da umarnin yadda za su hayayyafa tun jariri yana ciki, da wurin da kowace za ta je ta zauna, da irin furotin ɗin da za ta riƙa karɓar saƙo da shi. Sai dai ƙwayoyin gadon da ke sarrafa furotin ba su wuce kimanin 20,000 ba, don haka ba za su iya tsara kowace mahaɗa da ke tsakanin ƙwayoyin jijiyar ɗaya bayan ɗaya ba. Mahaɗar da ake yawan amfani da ita ƙarfi take ƙarawa, wadda aka yi watsi da ita kuma sai ta shuɗe.

A batun taba, an gano cewa masu wani nau'in ƙwayar gado da ake kira CHRNA5, wadda ke da hannu wajen gina makarɓar nikotin a ƙwayoyin jijiya (nikotin shi ne sinadarin taba mai sa sabo), sun fi zuƙar kara da yawa a rana idan sun fara. Ka lura da wannan sharaɗi na farawa, domin wanda bai taɓa kunna ta ba, ƙwayar ba za ta kai masa ita baki ba.

Sabo kuwa maimaici ne yake gina shi. Duk lokacin da ka gama cin abinci ka zuƙa, sinadarin dopamin, mai alaƙa da jin daɗi da son maimaita abu, yana fita a can tsakiyar ƙwaƙwalwa, ya ɗaure ƙoshin da tabar, har ta kai hannunka ya shiga aljihu neman ashana kafin ka yi tunani. Phillippa Lally ta wata jami'a a Landan ta wallafa bincike a 2009 wanda ya nuna cewa sabon hali yana ɗaukar kwana 66 a matsakaici kafin ya zama jiki, kodayake wasu kwana 18 ya ishe su, wasu kuma sai 254. Ƙananan halaye irin shan ruwa ta auna, barin taba ya fi haka wuya, shi ya sa nake ba ka shawarar ka sauya abin da kake yi da zarar ka wanke hannu, sannan ka nemi likita ya duba ko maganin rage ƙishirwar nikotin zai dace da kai.