Ka shiga kwamitin, ƙanena, amma ka san abin da za ka je nema

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya na ga tambayarka: mai unguwa ya sa sunanka a kwamitin zaman lafiya na Musulmi da Kirista, kana tsoron kada abin ya ƙare a cin shinkafa da karɓar kuɗin mota, kuma abokanka sun ce zama da fastoci sassauci ne a addini. Ban amsa nan take ba, don maganar ta fama mini tsohon miki.

Ni tela ne, haifaffen Kaduna. Lokacin rikicin Shari'a na Fabrairun 2000 ina haya a unguwar Television da matata da yara biyu. Ranar Litinin ce, kafin azahar hayaƙi ya rufe gari. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Bajju mai suyar ƙosai da duk layin ke ce wa Mama, ita ta tura mu ɗakin da take ajiye buhunan wake, ta datse kwaɗo ta waje, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a bakin ƙofa tana tsintar wake a faifai. Ta ƙasan ƙofa ina ganin dugaduganta. Sau biyu samari suka zo, sau biyu ta ce musu mun gudu tun da safe, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Matata ta manna jaririya a ƙirji don kada ta yi kuka. Da dare ya yi Mama ta buɗe kaɗan, ta turo kwanon tuwo da buta cike da ruwa, ta ce a hankali, ga na alwala. Kwana biyu muka yi a ɗakin nan kafin sojoji su kwashe mu zuwa bariki.

Daga nan muka koma Tudun Wada, kamar dubban mutane. Kiristocin Tudun Wada da Rigasa su ma suka tsallaka zuwa Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi, har musayar gida aka riƙa yi. Kogin Kaduna ya zama iyaka. To a nan babbar asarar take: yaron da aka haifa bayan rabuwar yana iya shekara ashirin bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da Kirista ba, na tsallake ma haka. Wanda ba ka taɓa gaisawa da shi ba, duk abin da aka faɗa maka a kansa za ka gaskata.

Tsoronka na farko yana da tushe. Na zauna a irin taron otal ɗin nan, manya su yi jawabi, a ɗauki hoto, a watse. Ko sanarwar zaman lafiya ta Kaduna da shugabannin addinai 22 suka sa wa hannu a Agustan 2002, wata uku kacal bayanta rikicin gasar sarauniyar kyau ya tashi a Nuwamba. Majalisar NIREC, wadda ta haɗa shugabannin Musulmi da Kirista na ƙasa, tana nan tun 1999, Sarkin Musulmi da shugaban CAN ke jagorantarta, ban kuma raina aikinta ba. Sai dai in wuta ta tashi a layinku ƙarfe ɗayan dare, ba Mai Alfarma za ka kira ba.

Abin da kwamiti ya ba ni shi ne mutumin da zan kira. A namu na san wani katikis, wato mai koyar da addini a coci, daga tsallaken kogi. Mun yashe kwata tare wata Asabar, daga baya ya kawo mini ɗinkin ankon matan zumunta na cocinsu, shi ke nan muka saba. Wani dare jita-jita ta cika unguwa cewa an ƙona wani masallaci a ɓangarensu. Na fito na tarar da samari sun cika bakin layi da adduna da gorori, wasu ƙananan yara ne da na sani tun suna goye. Na kira katikis, bugu ɗaya ya ɗauka. Ya hau babur cikin daren nan ya je masallacin, ya tashi ladan daga barci ya miƙa masa wayar. Na buɗe lasifika kowa na ji, ladan ya yi sallama ya rantse ko tabarma ba a taɓa ba, taransifoma ce ta kama da wuta a bayan layi. Na ga hannuwa suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Da ban san mutumin nan tun lokacin lafiya ba, da wa zan kira? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka san labarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. Dukansu sun jagoranci matasa masu ɗauke da makami. A rikicin Zangon Kataf na 1992 da ya malalo Kaduna, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai a nan Kaduna, su ne kuma suka yi ta zirga-zirga a Yelwan Shendam bayan kashe-kashen 2004 har aka cimma sulhu. Wuye da bakinsa ya ce shekarun farko yana aiki da Ashafa amma zuciyarsa ba ta huce ba. Wannan maganar ta fi komai tsaya mini, don ni ma na daɗe ina zama da su ina jin ɗaci. Kada ka jira sai zuciyarka ta yi fari tas kafin ka je.

Batun aƙida kuwa, ka tambayi malaminka fassarar aya ta 8 a Suratul Mumtahana, inda Allah bai hana mu kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba. Ka tuna wurin sarki Kirista, Najjashi, Annabi (SAW) ya tura sahabbai hijira, ya kuma karɓi baƙuncin Kiristocin Najran a Madina. Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye mutum fiye da 200, galibi Kiristoci, a gidansa da masallacinsa a Yunin 2018, ya fito ya tsaya gaban maharan yana roƙonsu. Wa zai dubi tsohon nan ya ce imaninsa ne ya yi rauni? Shekara da shekaru ina cikin kwamiti, ba wanda ya taɓa ce mini in bar salla ɗaya, ni ma ban ce kowa ya bar sujadarsa ba. Muƙabala wurinta daban, kada ku bari ta shigo taronku.

Ku fara da abin da ya dame ku duka: burtsatsen da ya lalace, sintirin dare, shaye-shayen yara. Ku nemo mata da masu Keke Napep da samarin nan masu zafin kai da kowa ke gudu, don su ne a titi ranar da abu ya ɓaci, dattawa suna cikin gida. A bar kowa ya faɗi wanda aka kashe masa, ko da zauren zai yi tsit, kada a rufe da cewa komai ya wuce. Ka kiyaye bakinka daga kalmar arna, tana sukarsu kamar yadda take sukarka in an kira ka ɗan ta'adda. In wata ƙungiya ta kawo kuɗi, a karanta lissafi a bainar jama'a, na ga kwamitin da kuɗin mota ya tarwatsa. Zagi kuma daga gida zai fara zuwa, ni an ce mini ɗan koren fastoci har a ƙofar masallaci, kuma ya yi mini zafi.

Ranar taronku na farko, kafin a tashi, ka karɓi lambar mutum uku daga cikinsu, ɗaya ya zama matashi. Bayan mako guda ka kira su ba tare da wata buƙata ba, ka tambayi iyali kawai. In kun tsayar da ranar zama na biyu ka sanar da ni, in Allah ya yarda zan zo, tare da katikis ɗin.