Yayyafi Ba Ban Ruwa Ba Ne

Wai kullum kana ba dashen ruwa safe da yamma, amma ganye sai yaushi yake yi, shi ne kake tambaya ko ka ƙara. Kai yaro, je ka tura yatsanka a gindin ɗaya daga cikinsu tukuna. Ko ba ka je ba ni na san abin da za ka tarar: laimar ba ta wuce gaɓa ɗaya ba, ƙasanta a bushe ƙamas. Wanke wa ƙasa fuska kake yi. Na gan ka ai, tiyo a hannun hagu, waya a hannun dama.

Zauna ka ji abin da irin wannan yayyafin ya taɓa jawo mini.

Wani Alhaji ne ya gama gini a Nasarawa, nan Kano, ya aiko a kira ni cikin watan Maris. Wai nan da wata biyu zai aurar da 'yarsa, yana so baƙi su tarar da gida kore shar. Mangwaro mai aure guda 30, gwaiba, shingen furanni tun daga ƙofa har baya, da ciyawa a duk filin gaba. Na ce Alhaji, wannan lokacin ba na dashe ba ne. Bazara ce ke shigowa, a Afrilu zafi yakan haura 40, a bari sai damina ta zauna, ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, sama ta yi mana rabin aikin. Ya ce shi yana da burtsatse, ruwa ba matsalarsa ba ce. Ya ajiye rabin kuɗi a gabana. Kwaɗayi mabuɗin wahala, na karɓa.

Kwana tara muka yi muna aiki ni da yarana. Ragowar dashen da ba ni da shi bashi na ɗauko a wurin abokan sana'a. Da za mu tafi na zaunar da mai gadin gidan, na nuna masa komai da hannuna, ya yi ta cewa to, to. Na ce a bar mini kulawar wata uku a biya ni, Alhaji ya ce ba ruwa ne kawai ba, wa bai iya zuba ruwa ba?

Sati biyar aka kira ni. Wallahi da na shiga gidan sai da ƙafata ta yi sanyi. Ashe mai gadin nan da tsakar rana yake fitowa, ya ɗaga tiyo sama ya bi kan ganye yana fesawa, minti goma ya gama da gidan duka. Ƙasa ta yi duhu a ido, shi ke nan a wurinsa an ba da ruwa. Bai tsaya nan ba, wani ya ba shi shawara ya kawo ɗanyen kashin kaji buhu-buhu ya jibge a gindin mangwaron, wai don su yi saurin girma. Abin da ƙishirwa ta rage, taki ya ƙone. Guda huɗu suka rayu cikin talatin. Alhaji ya tsaya a gaban mutane ya ce na sayar masa da mataccen iri. Cikon kuɗina har yau, kuma sai da na sayar da babur ɗina na biya waɗanda suka ba ni bashi. Ni da na fara wannan sana'a tun kafin ya san hanyar kasuwa!

To saurara. Saiwa ruwa take bi. In ka jiƙa sama kawai, a sama za ta tsaya, inda rana ke gasa ƙasa. In ruwan ya nutse, ita ma sai ta nutsa. Ka yi wa kowace bishiya kwari a gindi kamar kwano, ka juye mata jarka guda ta 'yan garuwa, mai lita 25, a hankali, ka tsaya har ta shanye. Satin farko kullum. Daga nan bayan kwana biyu ko uku, in ta fara tofo ka koma sau biyu a sati. Ƙasar jigawa ba ta riƙe ruwa, sai ka matso da kwanakin. Mai laka kuwa ka yi hattara, yawan ruwa yana ruɓar da saiwa, kuma ganyen yaushi zai yi tamkar na ƙishirwa. Shi ya sa na ce yatsa. Ban ruwan kuma bayan sallar asuba ko bayan la'asar, ban da tsakar rana.

Yadda ake haƙa rami da cire leda ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san wannan ba ya koma tallan rake.

Ka rufe kwarin da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, laima za ta daɗe. Amma kada ya taɓa jikin itacen, in ba haka ba ka shimfiɗa wa gara tabarma. Taki sai wanda ya ruɓe ya huce, shi ma ba yanzu ba. Furannin shinge ka ja musu dogon kwari ɗaya ka cika shi.

Ciyawa ce kaɗai ke son abin da kake yi, ita ma na sati biyu zuwa uku, kafin ta kama. Da ka ja ta ka ji ta riƙe ƙasa, rage yawan zuwa ka ƙara yawan ruwa. In mai gida zai ji shawara, kirikiri za ka sa masa, tana son rana, in ta bushe da rani tana farfaɗowa. In kuma wuri ne da babu mai kula, ka ce masa darbejiya, a kewaye ta da ƙaya saboda awaki.

Ku yaran yanzu so kuke ku dasa yau, gobe ku ɗauki hoto. Ajiye tiyon nan ka ɗauko jarkoki, mu je in gani da idona. Gidan Alhajin kuwa na bi ta ƙofarsa bara, an shafe filin da siminti.