Amsa: baƙin da ke bin hoton wuta a Photoshop

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka sauke hoton tartsatsin wuta za ka ɗora a fulayar biki amma baƙin bayansa ya rufe fuskar amarya, har ka fara bin sa kana gogewa da hannu. Don Allah daina wahalar da kanka, ba gogewa ake ba.

Danna leyar wutar (wato layin hoton wutar a akwatin Layers), ka duba saman akwatin Layers inda aka rubuta Normal, ka mai da shi Screen. Shi Screen baƙi yake haɗiyewa ya bar haske, Multiply kuma akasinsa ne, fari yake ɓatarwa ya bar duhu, shi ya sa in an yi sikanin ɗin sa hannu ko hatimi a farar takarda da shi ake ɗorawa. In ka ga wani dishi-dishi ya rage a gefe to baƙin bai kai baƙi ba ne, danna Ctrl+L, akwatin Levels zai buɗe, ka ja 'yar kibiyar hagu zuwa dama kaɗan, zai tafi.

Overlay kam, da ke cikin jerin su Screen ɗin, ni ba na son sa a fatarmu, yana ƙona fuska ta koma ja kamar an shafa manja, gara Soft Light ka rage Opacity (wato ƙarfin fitowar leyar) zuwa wajen 30 ko 40. Kuma kafin ka fara wasa da su yi Ctrl+J ka ajiye kwafin leyar.

In bugawa za ku yi a fara gwada guda ɗaya tukuna, don ƙyallin da kake gani a sikirin ba ya fitowa haka a takarda, na taɓa asarar kuɗin kati 200 a kan wannan wallahi.