Amsa kan tsofaffin azuzuwan firamare da aka daina amfani da su

Malam, ka tambaya ko mutanen gari za su iya mayar da tsofaffin azuzuwa biyun firamarenku wajen koya wa mata ɗinki da yaƙi da jahilci, tunda an gina sababbi. Za ku iya, kuma ya fi a bar su awaki na kwana a ciki. Amma amincewar mai unguwa ko dagaci kaɗai ba ta isa ba, don ginin na gwamnati ne ko da al'umma ce ta ba da filin. Ku rubuta takarda ta hannun hedimasta da kwamitin kula da makaranta zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi zai kai maganar ga SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha, a Dutse. Ku karɓi amsa a rubuce, domin ana canja hedimasta, wanda ya zo daga baya yana iya cewa bai san da zancen ba.

Sharaɗin da zan ƙara shi ne rufi. A ƙauyenmu mun ga aji da bangonsa lafiya ƙalau, amma gara ta cinye katakon da ke riƙe da kwano, iskar farkon damina ta ɗaga shi gaba ɗaya. Kafin ku sayi keken ɗinki ko ɗaya, ku kira kafinta ya hau ya duba katakon, magini kuma ya duba tsagewar bango da gindin ginin inda ruwa ke kwanciya. Kuɗin da kuka tara ya fara tafiya can, fenti ya jira.